Buhu Mai Ƙafar Zabo

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Tun ranar da rediyo ya faɗi cewa hukuma ta hana fitar da hatsi da wake zuwa waje, bakina ya rasa aikin yi, shi ya sa na ba hannu alƙalami. Ni Habu, dillalin wake a Madarunfa, da baki nake ci tun ina saurayi. Yau ga ni zaune a ƙofar shago ina korar awakin mutane.

Shagon cike yake har bakin ƙofa, kuma ko ƙwaya ɗaya ba tawa ba ce. Waken mutanen Safo ne da na ƙauyukan Sarkin Yamma, sun kawo mini amana in sayar wa alhazan Jibiya da Katsina kamar kowace kaka. Ba ma rubuta komai tsakaninmu. Kowa da alamarsa a jikin buhu, wani zanen gawayi, wani jan zare, wani ƙulli a kunnen buhun. Alhazan da nasu buhunan suke zuwa a juye musu. In na cire la'ada na ba mai wake nasa, sai a zo kan buhun da aka juye. Wanda ya gamsu da ni sai ya jefa shi bisa azarar da ta ratsa tsakiyar shagon ya yi tafiyarsa, ma'ana baɗi ma nan zai kawo. Wanda ya naɗe nasa ya sa a hammata kuwa, mun rabu ke nan, ba sai ya ce komai ba. Tun da na gaji shagon daga babanmu da wuya ka ji an naɗe buhu a gabana, kuma ina ji da wannan fiye da yadda ya kamata.

Alhazan ba su zo ba. Na kira ɗayansu, ya ce in gaida iyali.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun kwashe ta da Mushe Sama'ila, malamin lakwal, wato makarantar boko, a wurin mai shayi. Shi yana bayan dokar ɗari bisa ɗari.

Ya ce, "Habu, kai dai la'adarka kake wa kuka. Ka manta bazarar da ta wuce? Tiyar hatsi ta gagari talaka, mutane sun koma cin ganye. In anka bar ƙofa buɗe, kafin rani ya raba an kwashe komi an yi kudu da shi. Ga bashi bisa wuyan gwamnati, ga taimakon waje ya janye. Da mi za ta sayo muna abinci in namu ya ƙare?"

Na ce hatsi na yarda, shi muke ci, a tsare shi da bindiga ma. Amma wake? Wake shi ne rigar manomi da maganin ɗansa da gyaran amalankensa, kuma wa ya taɓa ganin mutanen nan sun cinye waken da suka noma? Bashin gwamnati kuwa, na ce ban san ranar da aka ciwo shi ba, amma ga shi a shagona ake biya. Aka yi dariya, na ji daɗi.

Na dawo gida ina ba Dije matata labarin yadda na kayar da Mushe, sai ta ce hatsi ya sauko a kasuwa, ita kam Allah ya yi wa mai dokar albarka. Na cinye tuwon na bar gardamar, don da hatsin mai araha aka yi shi.

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar

Na sa kunne a jikin buhu. Akwai motsi a ciki.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan magariba

Na je Maraɗi neman buhun nan mai ruɓi uku da ke shaƙe ƙwaro. Babu shi, duk mai wake a ƙasar nan shi yake nema. Na leƙa layin 'yan wake, ya cika ya batse, farashin da ake tayawa ko kuɗin taki ba zai mayar ba. Na kira masu kayan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a dakata ko za a buɗe. Abarshi na Safo, wanda nasa ya fi yawa kuma ya fi kyau, cewa ya yi, "Ka saida mini wake hakanan, ni da kai har abada." Mutum ne mai kaifin baki, amma bai taɓa cuɗa yashi a wake ba, kuma ban san mutane da yawa da zan faɗa wa haka ba.

Ƙanena Isa ya same ni a shago da yamma. Lodi yake yi a tashar Ɗan Issa, tun da manyan motoci suka daina tashi yake gida yana cizon yatsa. Ya ce akwai hanyar daji ta tsallaka iyaka, da amalanke, kowa bi yake yi. Na ce kayan amana ba ya bin hanyar da mai shi bai sani ba. Ya ce ƙwaro ma ai bai nemi izinin mai shi ba. Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Makullin ba ya inda nake rataye shi. Isa bai kwana gida ba.

Kusurwar gabas babu komai, sai sawun buhu a ƙasa. Nan nake jera waken Gwaggo Inde, mai zanen ƙafar zabo. Na gida ya ɗauka, don ya san gida ba ya kai ƙara.

Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan masallaci

An ce amalanken da shanun da suka bi hanyar daji suna hannun masu kaki. Ba a ce komai game da mai korar su ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Ban je wurin mai shayi ba. Motsin cikin buhunan yanzu ba sai an sa kunne ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Gwaggo Inde ta zo, bisa amalanken jaki, ita ke kora abinta. Ƙanwar babanmu ce, tana Safo, ita kaɗai ta tsaya kan hanyar kakanni lokacin da sauran gidan suka kama salla. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gonar da hannunta take nome ta. Tun jiya nake haɗa maganar da zan faɗa mata, ni da ake ce wa bakina ya iya sayar da rairayi, amma da ta sauko sai komai ya tsere mini.

Ta shiga shagon ta dubi kusurwar gabas. Kallo ɗaya ta yi mata, irin wanda ake yi wa ƙofar da aka riga aka san a rufe take, ta wuce. Ta kwance bakin wani buhu ta zura hannu har gwiwa, ta ɗebo daga ƙasa, ta watsa a tafinta. Ƙwari suka fito suna yawo a yatsunta.

Na ce, "Gwaggo, maganar wakenki…"

Ta ce, "Wanda ya tahi ya tahi. Wanga da ke gabanmu nike tambaya. Mi kake jira da shi?"

Na ce ana cewa wataƙila a sassauta dokar.

"Wa ya ce?"

"Rediyo."

"To ƙwaro na jin rediyo?"

Daga nan ta zauna bisa buhun Abarshi, wanda ni ko jingina ba na yi da shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. A ɓarza waken, a sheƙe, a niƙa, a yi wasa-wasa a turara a shanya. In ya bushe ƙwaro ba ya kula shi, sai ya kai baɗi. Ta ce, "An hana wake ya hita ƙasa, ba a hana shi shiga tukunya ba." Na ce shago guda fa, Gwaggo, ba ƙwaryar biki ba. Ta ce mata sun ƙare a Safo ne, ko ƙartin da ke zaune a gindin itacen bedi tun da tasha ta mutu an yanke musu hannu?

Ta ci abincin Dije ta yaba miyar, ta koma. Ba ta ambaci sunan kowa ba, kuma na so a ce zagina ta yi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da azahar

Jiya na tara masu kayan a ƙofar shago, taron ya watse ba a cimma komai ba. Ba wasa-wasar suka ƙi ba, haɗawar suka ƙi. Mai inji ba zai niƙa buhu-buhu ba, madambaci ma bai san alama ba, dole a auna na kowa da tiya a zuba wuri guda. Wanda nasa ke da kyau ba ya son a gauraya da wanda ƙwaro ya huda. Abarshi ya ce waken da ya tsince da hannunsa ba zai kwana da na malalata ba, malalatan kuma suna zaune a wurin. Saura kaɗan a ba hammata iska. Abin da ba a faɗa ba shi ya fi yawa, don na ga idanu suna ta komawa kusurwar gabas. Mutumin da ƙofarsa ta buɗu sau ɗaya, yau shi ke cewa a cire alama a yarda da shi.

Yau da safe suka sake taruwa, kowa da shirin kwashe kayansa. Sai ga Gwaggo da wani ɗan tsohon buhu a ka, babu alama a jikinsa don bai taɓa barin ɗakinta ba. Ta sa Dije ta shimfiɗa babbar tabarma, ta kwance buhun ta juye. Wake fari tas, manya-manya, da ƙurar toka a jikinsa. Duk manomin da ke wurin ya gane abin da yake kallo. Irinta ne, wanda take zaɓa tun a gona ta binne a toka don shukar baɗi. Shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Abarshi ya ce, "Inde, iri ne fa wanga."

Ta ce, "Na sani, ni na tsince shi. Ya hi naka kyau ko bai hi ba?"

Ya duƙa ya ɗebo ya duba, ya ce ya fi.

"To ga shi ya kwanta, yana jiran na malalata."

Sai wata bazawara daga Sarkin Yamma, wadda nata ya fi kowanne lalacewa, ta jawo buhunta tana kunya. Bayanta wani, bayansa wani. Abarshi ne na ƙarshe, yana juyewa yana mita har ƙwaya ta ƙarshe.

Na daɗe a kasuwa, na ga mutanen da suka iya ciniki, amma ban taɓa ganin wanda ya sayi taro guda da buhu ɗaya ba. Na shiga bayan shago na goge idona, na ce wa Dije tokar ce.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Tsakar gidana ta zama wani abu dabam. Mata sun zo daga Safo da ƙoransu da rariya da madambatai, masu lodin da tasha ta sallama suna faskare da ɗiban ruwa da kai buhu inji, a kan za a ba kowa rabonsa in an sayar. Gwaggo ba ta ɗaga murya. Tana zagayawa ne kawai, ta taɓa garin nan ta ce kanwa ta yi yawa, ta leƙa wancan ta ce a rage wuta, wanda ya yi lalaci ta tambaye shi lafiyar uwarsa har sai ya ji kunya ya tashi. In ta sa hannu a ƙwarya tana murzawa, garin sai ya riƙa tashi ƙwaya-ƙwaya daidai wa daida, kamar da ma haka aka halicce shi. Tana yi tana ba da labarin wani abu dabam, ko kallon hannun ba ta yi.

Ni aikina shanya da korar kaji. Na nemi a ba ni ƙwarya in gwada murzar, abin da ya fito Dije ta ɗaga wa mata suka gani, aka yi ta shewa. Gwaggo ta ce a ajiye, in an rasa dutsen jifan kare a yi amfani da shi.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

An kira wayar Dije daga wata lambar Najeriya. Ba tawa aka kira ba. Isa yana da rai dai, alhamdu lillahi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Bayana ciwo, idona hayaƙi. Gwaggo ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen zama. In lokacin salla ya yi ita ke kora mu, ta ce mu je mu yi tamu, ita ta tsare wutar. Na tambaye ta yau ko ba ta gajiya, ta ce tana yi mana, faɗa ne ba ta da lokacinsa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Ya dawo. Ya rame, takalmi ɗaya ya tsinke. Ya tsaya a bakin zaure ya kasa shigowa, ni kuma na kasa ɗaga kai daga tabarmar shanya, don ban san abin da hannuna zai yi ba.

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka ci abinci?" Ya girgiza kai. Ta sa aka zuba masa wasa-wasa da mai da yaji da albasa, ta tsaya har ya cinye. Sannan ta miƙa masa gatari ta nuna masa kututturen da ya gagari kowa tun ranar farko. Har yanzu ina jin saransa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan magariba

Bakina ya dawo aiki! Na ɗauki samfuri na tafi tashar Maraɗi wurin direbobin arewa, masu kai kaya Agadas da wuraren haƙar zinariya. Abin da mutanen can ke nema ke nan, abincin da ba ya lalacewa a hanya, a zuba ruwan zafi ya tashi. Na samu wani Illo mai kamiyo, babbar motar kaya, ya taya, na ce albarka. Kai, rabona da kalmar nan! Sai da na maimaita ta don daɗi. Muka ja, na tashi zan tafi, ya riƙe mini riga. Mata masu abinci a bakin asibiti da lakwal ma sun ce a kawo musu. Bai kai cinikin alhazan Jibiya ba, ba zan yi ƙarya ba, ga kuma hannuwa da yawa da za a raba wa. Amma ya fi abin da ake tayawa a layin 'yan wake, ya kuma fi abin da ƙwaro zai bar mana.

Na biya wurin mai shayi. Mushe Sama'ila ya ce, "Ka gani? Abin da anka daɗe ana faɗi ke nan, a sarrafa kaya a gida, aiki ya tsaya a gida. Dokar ta yi aikinta." Na ce Mushe, dokar ta rufe ƙofa ne kawai ta tafi, ba ta zo da madambaci ba. Garuruwa nawa ne ke da wake a shago yanzu, ba su da Gwaggo Inde? Ya ce to sai gwamnati ta kafa injuna. Na ce da wane kuɗin, da bashin? Ya ce in ba a ci bashi don wannan ba, don me za a ci? Nan kam sai na ce masa shayinsa ya huce.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da azahar

Gobe rabo. Buhunan da aka juye suna jibge a kusurwa, kowanne da alamarsa. Azara babu komai. Na share shagon har sau ba adadi.

Talata, 26 ga Nuwamba, bayan magariba

An yi rabo lafiya, bisa tiyar da kowa ya zuba, aka fitar wa mata da masu faskare nasu. Na Gwaggo ɗan kaɗan ne, na buhu ɗaya. Na tura mata la'adata a kai, ta turo mini ita da bayan hannu ba tare da ta kalle ni ba.

Sai aka zo kan buhuna. Abarshi ya fara tashi. Ya zaro nasa masu jan zare, ya kakkaɓe, ya naɗe su a hankali ya sa a hammata. Ya ce, "Habu, ba ni da ta cewa bisa rabo, ka yi gaskiya. Amma ƙofar da ta buɗu da dare, ni ba ni iya kwana in wakena na bayanta." Na ce ka yi daidai, kuma har cikin raina na san ya yi daidai. Ciwon da na ji sai wanda ya gaji shago ya san shi. Sauran suka ɗauki nasu suka riƙe a hannu, ba su naɗe ba, ba su jefa ba, kowa yana kallon na kusa da shi. Isa yana tsugune a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

Gwaggo ba ta da buhu a jibgin, nata suna can inda suka tafi. Ta fita tsakar gida, ta dawo da ɗan tsohon buhun nan na iri da guntun gawayi daga murhu. Ta shimfiɗa shi a ƙasa gaban kowa, ta duƙa ta zana ƙafar zabo, yatsu uku gaba ɗaya baya. Ta miƙe ta jefa shi bisa azara, bai kai ba ya faɗo, don gajera ce. Ta ɗauka ta miƙa wa Isa.

"Kai dogo, rataya mini."

Ya karɓa ya rataya. Bazawarar Sarkin Yamma ta jefa nata. Daga nan na daina gani sosai, sai ƙarar buhu kawai nake ji yana sauka bisa itace. Wasu sun bi Abarshi, na sani, ban kuma duba ko su waye ba.

Da kowa ya watse na raka ta wurin amalankenta. Na ce, "Gwaggo, irinki yana cikin cikin masu haƙar zinariya. Mi za ki shuka baɗi?"

Ta hau ta gyara zama ta kama igiyar jakin. Ta ce, "Ni ka tambaya? Kai ne dillali. Ga buhuna can bisa azararka, kuma ba ni kawo shi wofi. Ka tashi ka biɗo mini iri, hwari, manya, kar ka kawo mini na malalata."

Na san mutum ɗaya tak da ke da irin da ya kusa nata. Gobe da sassafe zan tafi Safo in yi sallama a ƙofar Abarshi.